Daga Kaduna Zuwa Bakin Kogin Salum, Inda Masunta Suka Rufe Ruwansu Da Kansu

A cikin hunturun da ya wuce Kawuna ya ƙulla niyyar kai ziyara Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass a ƙasar Senegal, kuma da yake shekaru sun ja ga ciwon gwiwa, sai dangi suka yanke shawarar in raka shi. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare da ke Tudun Wada, na daɗe ina zana wa ɗalibai a allo yadda kogi yake shiga teku alhali ban taɓa tsayawa a irin wannan wuri ba. Da na duba taswira na ga Kaulaha tana bakin Kogin Salum, kuma daga can zuwa inda kogin ya rarrabu ya faɗa Tekun Atalantika babu wata tazara mai yawa, sai na roƙi Kawu izinin gangarawa bayan mun kammala ziyara. Ya ce, "Ka je, Allah Ya tsare, amma ka tuna kai ba ɗan ruwa ba ne, kada ka hau jirgin da ba ka ga rigar ceto a cikinsa ba."

Mun hau jirgin ƙasa na safe daga tashar Rigasa, hazo ya rufe gari, muka sauka Idu, daga nan muka wuce filin jirgin sama na Abuja. Jirginmu ya ya da zango a Lome kafin ya ƙarasa da mu filin jirgin Blaise Diagne, wanda aka buɗe a 2017 a wajen birnin Dakar. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, fasfo kawai aka duba mana da katin rigakafin shawara. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. Kuɗinsu sefa ce irin ta maƙwabtanmu na Nijar, kuma mun ji daɗin canjin da muka yi tun daga gida, domin ban ga mai karɓar naira a hanyar da muka bi ba.

A bakin filin jirgi muka haɗu da wasu maziyarta daga Kano da Zariya, muka ɗauki shatar mota tare, kowa ya ba da sefa 10,000 zuwa Kaulaha. Hanyar ta bi ta Mbur da Fatik, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai yashi, gonakin gyaɗa da gero an riga an girbe, ga bishiyoyin kuka tsaye ko'ina har ido ya gaji da ƙirga. An tsayar da mu a shingayen jandarma, sai dai direba kaɗai yake fita da takardunsa ya dawo, ba wanda ya ce fasinja su sauka ko a buɗe jaka. Wanda ya saba da hanyar Kaduna zuwa Abuja ko ta Birnin Gwari, inda ake tafiya zuciya a hannu, zai fahimci dalilin da ya sa Kawu ya yi barci a mota har muka wuce Fatik. Daga nan ne ƙasar ta fara canza kama. Bishiyoyi suka ja baya, aka shiga wasu faffaɗan filaye farare fat, babu ko tsiron ciyawa a kansu, rana tana dukansu suna ƙyalli. Direba ya nuna da hannu ya ce gishiri ne.

Mun sauka a unguwar Madina Baye, a gidan da ake karɓar baƙi 'yan Najeriya. Hausa tana tashi a lunguna kamar mutum yana Tudun Nufawa, saboda yawan ɗalibanmu da ke karatu a can. Mun yi salla a babban masallacin, muka ziyarci makwancin Shehu, wanda aka haifa a 1900 ya rasu a 1975, kuma Kawu ya yi kukan da ban taɓa ganin ya yi ba. Abincin rana kusan kullum shinkafa ce da kifi, wadda suke kira cebu jen, ana dafa ta da jar miya da rogo da kabeji da gauta da ɗan tsamiya, a zuba a babban faranti kowa ya ci daga gabansa, mai gida yana gutsuro kifi yana turawa gaban baƙo. Bayan abinci sai shayi ƙananan kofuna har zagaye uku. Babur ɗin haya da muke kira acaɓa su Jakarta suke ce masa, kuma da shi na sauka bakin kogi tare da wani ɗalibi Bakano da ya iya Wolof da Faransanci, wanda ya amince ya zama tafintana har ƙarshen tafiya.

A nan na fara cin karo da abin mamaki. Kaulaha tana da nisan fiye da kilomita 100 daga teku idan aka bi kogi, amma da na ɗebo ruwan na taɓa a harshe sai na tofar, domin ya fi ruwan teku kansa gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, na Kaulaha kuwa da rani yakan ninka haka sau biyu ko fiye. A yawancin koguna ruwan daɗi ne yake gangarowa ya ture na teku, don haka gishiri yana raguwa yayin da ake haurawa. Salum ya juya wannan ƙa'ida. Ƙasar ba ta da gangare, ruwan da ke shigowa daga tudu kaɗan ne, kuma farin da ya afka wa Sahel a shekarun 1970 da 1980, wanda iyayenmu a Arewa ba su manta da shi ba, ya ƙara tsuke shi. Saboda haka teku ne yake kutsowa ciki, rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna ya yi ta taruwa. Wannan ne ya ba Kaulaha manyan filayen gishirin da ake gani a tsallaken gari, ana tara shi tsibi-tsibi ana lodin manyan motoci, kuma wannan ne ya kashe itatuwan bakin ruwa da yawa a ɓangaren sama na kogin, ya bar fararen filayen da muka gani a hanya. Na tsaya ina tunanin cewa fari guda ne ya janye Tafkin Chadi daga Baga, ya kuma cika wannan kogi da gishiri a ɗaya ƙarshen Sahel.

Na bar Kawu a hannun masu masaukinmu, ni da tafinta muka nufi tasha. Motocin hayarsu tsofaffin Peugeot ne masu cin mutum bakwai, ba sa tashi sai sun cika, kuma kujerar baya ta matse mu har ƙafata ta yi sanyi. Hanyar ta bi ta Pasi da Sokon, ita ce mai zuwa iyakar Gambiya, shi ya sa jami'an kwastan suka fi yawa a kanta, kuma a nan an duba fasfona sau ɗaya aka miƙo mini. Ƙasar ta fi ta arewa danshi, ga gonakin yazawa da mangwaro. Muka sauka Tubakuta, ƙaramin gari a bakin wani reshen ruwa da ake kira Bandiyala, muka kama ɗaki mai fanka da gidan sauro a kan sefa 15,000. Sauron wurin ba ya wasa, kuma ruwan famfo yana da ɗan garɗin gishiri, dole muka riƙa sayen na gora.

Mai kwale-kwalen da muka yi ciniki da shi dattijo ne daga cikin Sererawan tsibirai, waɗanda su ne masuntan yankin tun kaka da kakanni. Ya ƙi amincewa da lokacin da na zaɓa, ya ce ruwa ne yake ba da lokaci. Teku yana cikowa ya janye sau biyu a kwana guda, kuma idan ya janye wasu mashigai sukan koma taɓo tsagwaron, jirgi ya kafe sai an jira. Muka daidaita a kan sefa 30,000 har da mai, na tabbatar da rigar ceto kamar yadda Kawu ya umarta, muka tashi da hantsi.

Kogin Salum ba baki ɗaya gare shi ba. Ya rabu manyan rassa uku, Salum da Diyombos da Bandiyala, tsakaninsu kuma akwai ɗaruruwan ƙananan mashigai da mutanen wurin suke kira bolon, suna karkacewa tsakanin tsibirai har baƙo ya rasa gabas. Gefe da gefe itatuwan mangurof ne, koraye shar, sun tsaya a cikin ruwan gishiri a kan saiwoyi masu lanƙwasa da suka fito waje suka sake nutsewa cikin laka. Dattijon ya kashe inji ya tura mu har cikin saiwoyin. Na leƙa da kyau. A jikin kowace saiwa kawa ce manne bisa kawa, ɓawonta toka-toka mai kaifi, ƙananan ƙaguwa masu hannu ɗaya babba suna gudu a kan laka suna shigewa ramuka, a inuwar ruwan kuma 'ya'yan kifi ne da ba su kai tsawon yatsa ba, sun taru dubbai, suna watsewa idan inuwata ta faɗa kansu su sake haɗuwa. Babban kifi ba zai iya kutsawa cikin wannan sarƙaƙiya ba. Ganyen da ke zubowa yana ruɓewa a laka ya zama abincin ƙananan halittu, su kuma su zama abincin 'ya'yan kifi da jatan lande, waɗanda idan sun yi ƙarfi sai su fita teku inda masunta suke kama su. Wurin yana wari, laka tana kama ƙafa har gwiwa, kuma na gane dalilin da ya sa mai neman filin gini ko na otal yake ganinsa a matsayin ƙasar banza da ta dace a cike.

Mun iske wasu mata a ƙaramin kwale-kwale suna ɓamɓarar kawa da wuƙa, hannuwansu a naɗe da tsumma. Babbarsu ta gaya wa tafinta cewa a da sukan sare saiwar gaba ɗaya su tafi da ita gida, yanzu kuwa ƙungiyarsu ta hana. Ta nuna mana igiyoyi da suka rataya a jikin sanduna, an zira musu tsofaffin ɓawo, 'ya'yan kawa suna kamawa a jiki suna girma, ba sai an taɓa itace ba. Da damina kuma suna ajiye aikin gaba ɗaya don halittun su hayayyafa. Wannan sana'a ta daɗe ƙwarai. A cikin yankin akwai tuddai 218 da mutane suka tara da ɓawon ƙumba da kawa cikin ɗaruruwan shekaru, wasu sun zama tsibirai har kuka ta tsiro a kansu, 28 daga ciki kuma maƙabartu ne na mutanen da. Mun sauka a ɗaya daga cikinsu, Diyorom Bumag, ƙasar tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Saboda waɗannan tuddai da rayuwar mutanen wurin ne UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011, bayan gwamnati ta keɓe hekta 76,000 a matsayin gandun ƙasa tun 1976.

Abin da ya kawo ni shi ne mashigar Bambung, wani reshe na Diyombos. Wajen farkon shekarun 2000 kifi ya ja baya a yankin, musamman wanda suke kira cof, babban kifin da kowane ɗan Senegal yake son gani a kan shinkafarsa. Ƙauyuka 14 suka zauna tare da ƙungiyar kare muhalli ta Oceanium da ke Dakar, wadda Haidar El Ali yake jagoranta a lokacin kafin ya zama ministan muhalli a 2012, suka amince a rufe mashigar ga kowane irin su. An rufe ta a 2003, sannan a watan Nuwamba na 2004 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince da ita tare da wasu wurare huɗu, wato San Luwi da Kayar da Jowal-Fadiyut da Abene. Faɗin Bambung kimanin hekta 7,000 ne. Masu bincike na Senegal da Faransa sun auna kifin wurin kafin rufewa, suka ci gaba da aunawa shekara da shekaru, kuma abin da suka gani shi ne manyan kifaye masu farautar 'yan uwansu sun ƙaru, an kuma ga nau'o'in da ba a samu ba a awon farko.

A bakin mashigar akwai hasumiyar katako ta masu gadi. Wanda muka tarar saurayi ne daga ɗaya daga cikin ƙauyukan, ɗan masunci, kuma ya ce ya san yawancin waɗanda suke shigowa sata da dare, wani ma ɗan ƙanwar babarsa ne. Na tambaye shi ta bakin tafinta yadda yake yi idan ya kama ɗan uwansa. Ya ce yana ƙwace komar ya kai wa kwamiti, maganar kuma takan ƙare a gaban dattawa, domin kunyar a ambaci sunan mutum a taron ƙauyuka ta fi tara ciwo. Ya ce an gina masaukin baƙi a kusa da ƙauyen Sipo don wani kaso na kuɗinsa ya riƙa biyan masu gadi, saboda haka idan baƙi sun yi ƙaranci aljihunsu yakan ji a jika, man sintiri ma ya gagara. Muna cikin magana wani abu ya buga ruwa da ƙarfi a tsakiyar mashigar, ƙananan kifaye suka yi tsalle sama a tare. Dattijon jirginmu ya yi murmushi ya ce su a bakin iyaka suke shimfiɗa komarsu, abin da ya ƙoshi a ciki dole wata rana ya fito.

Ba kowa ne yake murna ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. A Sipo wata tsohuwa da ta ba mu ruwa ta ce maza suna da inji, idan an rufe nan sai su tafi can, su kuwa mata da ƙafa da ƙaramin jirgi suke zuwa tsintar ƙumba, kuma wuraren da suka fi kusa da su suna cikin abin da aka rufe. Na ce mata, "Inna, to da za a buɗe gobe kina so?" Ta yi shiru, sannan ta ce ba ta son a buɗe wa masu koma, tana son a riƙa tunawa da mata idan an zauna yanke shawara. A ganina maganarta ita ce mafi nauyi da na ji a tafiyar. Rufe ruwa yana da amfani, na gani da idona, amma wanda ya fi kowa rauni ne yakan fara biyan kuɗinsa, kuma tsarin da bai tanadi abin da zai riƙe irin wannan tsohuwa ba zai wayi gari da ɓarayin dare daga cikin gida.

Duk wannan bai zame mini baƙon abu ba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ruwan Matan Fada a rufe yake ga masunta har ranar biki, Sarkin Ruwa ne yake lura da shi, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru suke ɗaga ta. Garuruwa da yawa a ƙasar Hausa suna da tafkin da ba a shiga sai an yi shela. Dabarar da masana suke rubutawa a manyan littattafai kakanninmu sun san ta. Abin da ya bambanta wurin da ya tsaya da wanda ya lalace shi ne ko mutanen gefen suna ganin abin nasu ne. Mu a Jihar Kaduna muna da dajin Kamuku da aka mayar gandun ƙasa a 1999, kuma kowa ya san yadda rashin tsaro ya raba shi da jama'a, suna yana takarda amma ba mai iya shiga.

Daga Tubakuta muka koma ta Pasi, muka haye sabuwar gadar Fundiyun da aka buɗe a 2022, muka bi ta Fatik har Jowal, garin da aka haifi shugabansu na farko, Leopold Sedar Senghor, a 1906. Jowal tana cikin manyan wuraren sauke kifi na ƙasar. Da la'asar jiragen katako masu fenti kala-kala suna dawowa, amalanken doki suna shiga ruwa har ƙirji su ɗauko kaya, hayaƙin banda ya turnuƙe bayan gari inda mata suke ƙyafe kifi don kai wa har Burkina Faso da Gini. Doguwar gadar katako ta haɗa garin da tsibirin Fadiyut, wanda ƙasarsa duk ɓawon ƙumba ce, mota ba ta shiga, yawancin mutanensa Kirista ne, kuma maƙabartarsu guda ce da Musulmi a kan wani tudun ɓawo. Mutumin Kaduna, wanda ya san yadda kogi ya raba garinmu gida biyu, ba zai wuce wannan wuri bai tsaya ba.

A nan na ga ciyawar teku. Wani masunci ɗan kwamitin kula da ruwan Jowal-Fadiyut da aka keɓe, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 174, ya fita da mu da sassafe lokacin da teku ya janye. Muka sauka daga jirgi ruwa iya ƙauri. Ƙarƙashin ƙafata fili ne kore har inda ido ya tsaya, siraran ganyaye sun kwanta gefe guda suna bin ruwa, kamar gonar shinkafa a fadama da ambaliya ta bi ta kanta. Ya tura hannu cikin yashi ya ɗago tsiro ɗaya a hankali ba tare da ya tsinke shi ba, ya nuna mini jijiyar da ke tafiya a kwance ƙarƙashin ƙasa, ganye suna fitowa daga gaɓoɓinta, saiwoyi farare suna riƙe da yashi. Wannan ba gansakuka ba ce. Tsiro ne cikakke mai saiwa da fure da iri, yana buƙatar hasken rana, shi ya sa yake zama a ruwa marar zurfi mai haske. A duniya akwai nau'i kusan 70, uku daga ciki ake samu a wannan gaɓa ta Afirka ta Yamma. Da ya mayar da tsiron ya danne yashi a kansa, sai na lura da ƙananan jatan lande masu haske kamar gilashi suna tsalle tsakanin ganyen, da ƙwan wata halitta manne a jikin wani ganye.

Masuncin ya nuna mana wuraren da ganyen ya yi gajere kamar an bi da almakashi, ya ce kiwon kunkurun teku ne. Waɗannan kunkuru da yawansu a tsibirin Poyilawo na Gini Bisau suke yin ƙwai, sannan su yi iyo ɗaruruwan kilomita zuwa makiyayar ciyawa a Senegal da gandun Bank Dargin da ke gaɓar tekun Muritaniya, inda filin ciyawar ya fi ko'ina girma a yankin, kuma jirage marasa inji na masuntan wurin kaɗai aka yarda su yi su. Ayu ma, wanda masuntanmu na Binuwai da Neja suka sani, yana kiwo a irin wannan wuri. Ciyawar tana rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta daki gaɓa, tana riƙe yashi, tana tace ruwa, tana kuma binne iskar kabon a cikin laka. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa ciyawar ba ta rufe fiye da kashi 0.1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma tana riƙe da abin da ya kai kashi 18 cikin 100 na kabon da teku yake adanawa. Duk da haka an ƙiyasta cewa kusan kashi 29 cikin 100 na filayenta da aka sani sun ɓace tun daga ƙarshen ƙarni na 19. Majalisar ta keɓe ranar 1 ga Maris a matsayin ranar tunawa da ita.

Abin da ke kashe ta masuncin ya nuna mana shi a fili. Akwai wani dogon tabo a tsakiyar filin, yashi tsirara, inda aka ja koma a ƙasa ta tuge komai, kuma ya ce irin wannan tabo yakan ɗauki shekaru bai rufe ba. Ƙarfen tsayar da jirgi da farfelar inji suna yin irin wannan ɓarna. Ya ciro wani guntun komar nailan da ya sarƙe a ganye, irin wadda dokar ƙasar ta haramta amma ake ci gaba da amfani da ita, wadda idan ta ɓace a ruwa ba ta ruɓewa sai ta yi ta kama kifi ba mai ɗiba. Sannan ga ruwan kwata da laka da takin zamani da ke gangarowa daga tudu, suna gurɓata ruwa har haske ya kasa isa ga ganyen. Ya ce iyakar ƙarfin kwamitinsu kenan, su hana jan koma a cikin iyaka, su tsare wuraren da kunkuru ke hawa. Manyan jiragen su da ke can cikin teku, da masana'antun da ke niƙa ƙananan kifaye su mayar da su garin abincin dabbobi a fitar waje, da rijiyoyin man Sangomar da suka fara aiki a 2024 a tekun da ke fuskantar yankin, duk sun fi ƙarfinsu. Ya ce samarin unguwarsu da dama sun hau irin jiragen da muka gani sun nufi tsibiran Kanari na Sifen saboda su ya daina ciyar da gida, wasu sun isa, wasu ba a sake jin labarinsu ba.

Maganar ruwan tudu ta taɓa ni kai tsaye. Kogin Kaduna yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa garinmu, ya wuce Shiroro da Zungeru, ya haɗu da Neja kusa da Pategi, daga nan sai Lakwaja sai Neja Delta sai teku. Ledar da ake zubarwa a magudanun Kabala da Unguwar Mu'azu, da kwatar da muke sakar wa kogi, ƙarshen tafiyarsu irin wannan wuri ne. Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853 da dajin mangurof mafi girma a Afirka, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran ɓarnar mai a can zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ƙasashen duniya sun amince a Montiriyal a watan Disamba na 2022 cewa za a keɓe kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030, kuma a 2023 an kafa mana ma'aikatar harkokin teku. Fatana shi ne idan an tashi keɓe ruwa a Bayelsa ko Kuros Riba a fara da zama da masunta da mata masu tsintar ƙumba kafin a zana layi a taswira.

Na koma Kaulaha na ɗauko Kawu, wanda ya sa na maimaita masa labarin ayu da kunkuru har sau biyu a mota, muka kama hanyar filin jirgi, muka biyo ta Lome da Abuja zuwa Rigasa lafiya. Duk abin da na kashe tsakanin Kaulaha da Tubakuta da Jowal, ni da tafinta, har da masauki da abinci da jirage biyu, bai wuce sefa 150,000 ba. Mai zuwa ziyara da yake son ganin wuraren nan ya fi kyau ya je da rani tsakanin Disamba da Maris, ya tanadi maganin sauro da takalmin roba mai rufe ƙafa saboda kaifin ɓawo, ya nemi mai jirgi ta hannun kwamitin masunta domin kuɗinsa ya isa ga masu gadi, ya kuma tambayi lokacin janyewar teku tun da dare, domin ciyawar ba ta bayyana sai ruwa ya sauka.